Tsohon Injin da Aka Ce In Yar

Ranar da injin jirgin ruwana ya fara ba ni kunya, muna daidai bakin mashigar Portsmouth a kudancin Ingila, inda ruwa ke gudu kamar an koro shi, ga manyan jiragen fasinja masu zuwa Faransa suna shige da fice. A wannan ƙunci doka ta ce duk ƙaramin jirgi mai inji ya kunna shi, kada ya dogara da iska. Na ƙara wuta, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, jirgin kuwa tafiyar hawainiya yake. Da ƙyar muka lallaɓa muka koma maɗaurarmu a Gosport.

Jirgin ƙarami ne mai tafiya da iska, na hannu na saya. Injinsa Yanmar 1GM10 ne, ƙirar Japan, silinda ɗaya, ƙarfin doki 9, ya kuma kwana biyu a duniya. Makanikin da na kira ya saurara na minti biyar, ya ce in sayi sabo. Kuɗin da ya ambata ya fi abin da na biya na jirgin gaba ɗaya.

Da dare na kira yayana a Kano, wanda ya tsufa a gyaran injin niƙa da janareta. Na ce, "Yaya, an ce injina ya mutu." Ya ce, "Yana tashi da safe ba gardama?" Na ce yana tashi. "Yana shan baƙin mai?" Na ce a'a. Ya yi dariya ya ce, "To wa ya kashe shi? Je ka duba ta inda yake numfashi."

Ashe gaskiyarsa. A bayan injin akwai wani lanƙwasasshen bututun salansa inda hayaƙi ke haɗuwa da ruwan teku kafin su fita tare. Da na kwance shi na ɗaga wa haske, sai na ga kunkunniya da gishiri sun daskare a ciki, ƙofar da ta rage ko fensir ba zai wuce ba. Na zauna da sukundireba ina ƙwaƙulewa don kada in kashe kuɗi, har bakinta ya huda bangon ciki da tsatsa ta riga ta cinye. Gara ma da ta huda a hannuna: ta irin wannan huda ruwan gishiri ke komawa kan bawul ya lalata kan injin. Na sayi sabo na ƙarfen da ba ya tsatsa. Laifin toshewar kuwa har da nawa, don na saba barin injin yana silo sa'a guda in caja batir, alhali injin gas ba ya son zaman banza, sai yana jan kaya yake ƙone mansa tas.

Wannan injin ba shi da lagireto. Ruwan teku yake zuƙa kai tsaye ya zagaya cikinsa, shi ya sa gishiri ne babban abokin gabarsa. Ƙaramar farfelar roba da ke cikin famfon ruwan na tarar ta rasa fiffike ɗaya, sai da na bi tiyo na zaƙulo guntun. Ƙarfen tutiya da ake ɗaurawa a jikin injin don gishiri ya ci shi a maimakon injin, shi kuma ya cinye saura noti. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne siririn bututun baƙin mai da ya bi ta ƙarƙashin famfon: famfon na ɗiga a kansa shekara da shekaru, tsatsa ta yi masa ɓawo. Ran da ya fashe, man zai tsiyaye cikin 'yan mintoci, a nan ne injin zai mutu da gaske. A kansa ban yi ciniki ba.

Sai tanki. Filtar gas ta fito da wani baƙin kauri mai yauƙi. Ƙwayoyin cuta ne ke hayayyafa inda raɓa ta taru a ƙasan tanki, kuma gas ɗin gidajen mai na Ingila, mai gaurayen man tsirrai har kashi 7 cikin ɗari, yana riƙe danshi. Na zuƙe tankin na goge shi. Wajen fitar da iska daga layin mai na matse ƙaramin noti fiye da kima, zarensa ya lashe, na yi mako guda ina jiran wani. Hannun da ya saba da matse notin taya ba na wannan aikin ba ne.

Sauran aikin ba ya cin kuɗi. Baƙin mai na gama-gari 15W-40 ya wadatar, ina juye shi kafin sanyin hunturu don kada tsohon ya kwana a ciki. Tazarar bawul milimita 0.2 ce, a auna injin na sanyi. Fambel da farfela ina ajiye na canji a aljihun tebur.

Da bazara ta shigo muka sake nufar mashigar. Na tura wuta a hankali, ina leƙa baya: ruwa na tsartuwa daga salansa, tuf, tuf, tuf, ba hayaƙi. Na ɗauki sautin a waya na aika wa Yaya. Amsarsa ta iso muna wuce tsohuwar hasumiyar bakin tashar: "Silon ya ɗan yi sama, rage shi."