Bitar da aka yi mana a cikin sito

Mafi yawan abin da gidan tarihi ya mallaka ba ya gaban baƙi. Abin da 'yan makaranta ke leƙawa a cikin gilashi kaɗan ne, sauran yana sito. A ƙaramin gidan tarihin da nake aiki, can ne lifidi da sulke da tambura suke, da rigunan saƙi, da akusa, da gafakoki cike da rubutun hannu. Na sha halartar taron bita a kan kula da irin waɗannan kaya, galibi a ɗakin taro na otal, da majigi da ruwan gora da takardar shaida a ƙarshe. Ban raina su ba, na ƙaru da wasu. Amma wadda ta canza mana aiki ita ce wadda aka yi a cikin siton kansa, ƙura na shigar mana hanci.

Tsarin da aka bi sunansa RE-ORG, wato hanyar sake shirya siton gidan tarihi. Cibiyar adana kayan tarihi ta ICCROM da ke birnin Rum ce ta tsara shi tare da UNESCO, don gidajen tarihin da ba su da kuɗi mai yawa. A 2011 sun tambayi gidaje kusan 1,500 a ƙasashe 136 halin da sitonsu ke ciki, biyu cikin uku suka ce wuri ya yi musu kaɗan. A Najeriya an yi bitarsa a Jos a 2017, kuma ba a banza aka zaɓi Jos ba: tun 1952 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya buɗe gidan tarihin garin, a 1963 kuma aka kafa makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a can da taimakon UNESCO, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka masu Turanci da masu Faransanci.

Malamar da ta zo mana ta sa sharaɗi tun kafin a fara: kowa zai shiga, har da mai shara da masu gadi da masinja. Wasu manya sun ɗan yi gunaguni. Da muka taru, ba ta yi lacca ba. Ta buɗe rijista, ta ɗora yatsa a kan lamba ɗaya, wani kwalkwali ne, ta ce a kawo mata shi cikin minti uku, don haka ƙa'idar take. Muka bazu, masu digiri da masu difloma, muna ɗaga kwalaye. Lokaci ya wuce. Sai Baba mai shara, wanda ya daɗe a gidan fiye da kowannenmu, ya matso ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, in mai jan ƙyalle a baki ne, yana bayan tamburan can, cikin akwatin ƙarfe. Tun shekarar da rufi ya yi yoyo aka mayar da shi."

Can kuwa yake. Malamar ta ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Daga yau kai ne za ka riƙa faɗa, su kuma su rubuta." Haka aka yi. Abin da ke kan dattijon nan na wane ne ya kawo kaza, daga wace fada, a zamanin wane shugaba, bai taɓa shiga takarda ba, kuma ritayarsa ta kusa. Har yanzu in na tuna cewa saura ƙiris wannan ilimi ya bi shi gida, sai jikina ya yi sanyi.

Aikin farko shi ne fitar da duk abin da ba kayan tarihi ba: karyayyun kujeru, gwangwanayen fenti, tsofaffin kalandu, har da mataccen janareta. Wuri ya samu nan take, ba a kashe ko sisi ba. Sai ƙa'ida ta biyu, kada a bar komai a ƙasa, saboda ruwa da gara. Kafinta na unguwa ya gyara mana tsofaffin kantoci, aka ba kowace kanta harafi, kowane hawa lamba, aka rubuta wurin kowane abu a rijista. Ta uku, kada ɗauko abu ɗaya ya sa a motsa fiye da biyu.

Inda na fi ƙaruwa shi ne maganar ƙwari da yanayi. Mun saba in an ga asu a riga a fesa maganin sauro. Ta nuna mana tabon da feshin ya bari a kan wata aska takwas, tabon da ba zai fita ba, ga shi kuma bai kashe ƙwan ba. Hanyar da ta koya mana ita ce a nannaɗe rigar, a sa ta a leda mai kauri, a fitar da iska a liƙe, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har mako guda, in an fitar kuma kada a buɗe ledar sai bayan kwana ɗaya, don raɓa ta sauka a kan leda ba a kan tufa ba. Wani ya ce, "Hajiya, ina wutar da za ta riƙe firiza mako guda?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta zo da amsarta: baƙar leda da rana. Zafin da ya kai digiri 55 na wasu awoyi yana kashe ƙwaro da ƙwansa. Sai dai ta hana a yi wa fata haka, ko abin da ke da fenti, ko ƙaro, ko kakin zuma.

Shekararmu gida biyu ce ga kayan tarihi. Da damina laima kan haura kashi 65 cikin 100, fumfuna ta kama fata da takarda. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, akushi ya tsage, fatar tambari ta ɗaure har ta yage. Na daɗe ina ɗauka na'urar sanyaya ɗaki ce mafita. Ta bayyana mana cewa na'urar da ke kunnuwa tana mutuwa da zuwan wuta da ɗaukewarta ta fi rashinta illa, domin hawa da saukar laima ne ke fasa itace. Kwali mai kyau da farin alawayyo da aka wanke sun fi ta amfani. Game da littattafai kuwa, ta ce hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu, domin safa na rage ji a yatsa, ganye ya yage ba ka sani ba. Safa ta taɓa kayan ƙarfe ce, takobi da sulke da kakaki, waɗanda gumin hannu ke sa su tsatsa. Biro ba ya kusantar littafi, sai fensir. Salatif kuwa ko a ɗakin ba ta yarda a gan shi ba.

Mun kuma koyi cika katin shaidar kaya da ake kira Object ID: hoto da ma'auni a gefe, irin abu, da me aka yi shi, girmansa, rubutu ko tabon da ke jikinsa. Wayar hannu ta isa. Wannan ba aikin ƙawa ba ne. Tun shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa gumakan yumɓu na Nok da na Bura ta Nijar cikin jerin kayan Afirka da ɓarayi suka fi wawura, kuma abin da aka sace ba hoto ba bayani, da wuya a tabbatar da mai shi ko da an kama shi a filin jirgi.

Akwai abin da ke damuna a yadda ake tura mutane bita, kuma zan faɗe shi. Sau da yawa takardar gayyata na tsayawa a teburin manya, a tura wanda ya kusa ritaya ko wanda bai taɓa riƙe makullin sito ba, saboda alawus ɗin tafiya. Ya dawo, ya sa takardar shaida a fayil, shi ke nan. Wanda ke goge kanta kullum, wanda zai fara ganin garin itace a ƙarƙashin turmi ya gane ƙwaro ya shiga, ba a taɓa kiransa ba. Wani lokaci kuma a horar da mutum, wata uku a yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ma'aikata da ba ruwanta da tarihi.

Mu dai mun sa wa kanmu doka. Duk wanda ya je bita, a makon da ya dawo zai tara kowa a sito ya nuna da hannu abin da ya koyo, da Hausa, don masu gadi su ji. Safiyar Litinin ta farkon wata muna duba tarkon ƙwari, mu rubuta abin da ya kama, mu zaɓi lamba daga rijista mu gwada minti uku. Masinjanmu ne yanzu ke ɗaukar hotuna, ya ma fi mu iya saita haske. Gafakokin littattafai ne suka rage ba mu gama ba, don yawancinsu ganyayyaki ne warwatse ba lambar shafi, kuma sai mun samu malamin da ya iya karanta ajami da tsohon rubutun Magaribi ya zauna da mu kafin mu san wane ganye ne ke bin wane. Mun rubuta wa hukuma a kan haka, tare da maganar gyaran rufi kafin ruwa ya sauka.