Asabar a Filin Kanne

Asabar. Da hantsi na share tebur na zauna da burushi a kan 'yan mutum-mutumin da suka daɗe suna jirana, baraden Numidiya ta Arewacin Afirka masu tsawon milimita 15. A duk rundunar Hannibal, jagoran yaƙin birnin Kartaj da ya yaƙi Roma, babu masu sauƙin fenti kamarsu, domin ba su da sulke, dawakansu ba sirdi ba linzami, sai igiya a wuya. Mutum, doki, 'yar garkuwa da māsu, shi ke nan. Na riga na yi musu shafen farko tun tuni, yau launin fata da na riga kawai na sa, sannan na bi su da baƙin ruwan nan mai shiga lungu ya fito da zanen jiki. Dawakan ne suka ci mini lokaci, don ba na son su fito launi ɗaya kamar an haife su rana guda.

Ƙanena ya iso bayan azahar, akwatin Commands & Colors: Ancients a hammata. Wasan Richard Borg ne, kamfanin GMT ya fitar da shi a 2006. Ba 'yan mutum-mutumi a ciki, 'yan katakai ne da aka manna wa hoton soja. Allon gidaje ne masu kusurwa shida, 13 a faɗi 9 a tsaye, an raba shi kashi uku: hagu, tsakiya da dama. Rundunar dakaru katako huɗu ce, ta barade uku, ta giwaye biyu. Duk wanda ya share wa abokin karawarsa runduna sukutum ya karɓi tuta ɗaya, kuma a yaƙin Kanne mai tuta bakwai ne ya ci.

Ya ce, "Yaya, yau ni ne Rumawa. Na karanta labarin, ba za ka yi mini ƙawanya ba."

Na ce to, bismillah.

Labarin da ya karanta kowa ya san shi. A shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa, a Kanne, a gefen kogin Aufidus da ke kudancin Italiya, Rumawa suka fito da sojoji wajen 86,000 ƙarƙashin shugabanni biyu, Paullus da Varro. Hannibal na Kartaj yana da kimanin 50,000, amma ya fi su dawakai nesa ba kusa ba. Ya jera mutanen Gol da na Sifaniya a tsakiya, ya turo su gaba kamar baka, ya ajiye gogaggun dakarunsa na Libiya a gefe da gefe. Rumawa suka danna tsakiya, tsakiya ta riƙa ja da baya a hankali, suka yi ta kutsawa har mutanen Libiya suka juyo musu ta haƙarƙari biyu, Hasdrubal kuma, jagoran baraden Hannibal na hagu, ya kori dawakan Roma ya zagayo ta baya ya rufe ƙofa. A cikin marubuta tarihi na dā, Livy ya ce an kashe Rumawa sama da 48,000, Polybius ya ce 70,000. Paullus ya mutu a wurin, Varro ya tsira.

A takarda abin yana da tsafta, kamar Hannibal ya zana shi ne da alƙalami mutane suka bi layi. A tebur ba haka ba ne, kuma dalilin da nake son wasan ke nan. Ba ka da ikon motsa rundunar da ka ga dama. Kati ne a hannunka, kowanne yana faɗin abin da ya halatta: runduna biyu a hagu, ko uku a tsakiya, ko masu sauƙin makami kawai, ko mahaya kawai. Ka buga ɗaya, ka ja wani. Wasan ya ba Hannibal kati fiye da Varro, wato ya fi shi zaɓi, amma yawan kati ba ya nufin wanda kake nema zai zo.

Ni kuwa bai zo ba. Duk dabarar Kanne tana kan baraden hagu, su ne za su fasa dawakan Roma su zagaya. Na duba hannuna, tsakiya, tsakiya, dama, dama. Hasdrubal yana tsaye da dawakansa yana kallon kogi, ba ni da bakin da zan ce masa ya tashi. Ƙanena kuma, da ya rantse ba zai shiga tsakiya ba, katin da ke tura dakarun da suke jere kafaɗa da kafaɗa gaba ɗaya ya faɗo masa. Ya daɗe yana kallonsa. Idan bai buga ba, sauran katunansa ba su da wani amfani, idan ya buga ya yi abin da Varro ya yi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya, wallahi ba da son raina ba," ya turo layin Roma gaba ɗaya.

Daga nan aka shiga jifan 'ya'yan ludo. Na wasan ba ɗigo ne a jikinsu ba, alamu ne: koren da'ira ga masu sauƙin makami, shuɗin alwatika ga matsakaita, jan murabba'i ga masu nauyi, sai takubba, da hular ƙarfen jagora, da tuta. Tutar ɗan ludo, ba ta nasara ba, ita ce mugun abu, domin tana tilasta wa runduna ja da baya, idan kuma babu gidan da za ta koma sai ta yi asarar katako. Rundunar da take da 'yan'uwa biyu a maƙwabtaka tana iya ƙin bin tuta ɗaya. Wannan ƙaramar doka ita ce ke sa mutum ya riƙa tsoron ɓaraka a layinsa, kamar yadda jagororin da suka yi yaƙin da gaske suke tsoro. Mutanen Gol ɗina suna da zafi muddin ba su rasa katako ko ɗaya ba, suna jefa ƙarin ɗan ludo, amma da an taɓa su zafin ya tafi. Cikin zagaye kaɗan ya share mini runduna biyu a tsakiya, ta uku saura katako ɗaya. Tutar nasara uku gare shi har da wata ta 'yan majajjawa da ya tsinta, ni ɗaya.

A nan na zauna ina tunanin Hannibal na gaske, wanda ya tsaya da kansa a tsakiyar nan tare da ƙanensa Mago. Ja da baya a hankali ba tare da an watse ba ya fi kai hari wuya. Da mutanen Gol sun karye da wuri kaɗan, da Rumawa sun ratsa sun raba rundunarsa biyu, da yau sunan Kanne yana cikin jerin wautar jagorori. Littafi yana faɗin wannan a layi ɗaya a wuce, amma sai da na ga katako ɗaya tilo tsakanina da rushewa na ji nauyinsa.

Ana cikin haka Malam ya shigo, dattijon da ya koya mini fenti, mutumin 'yan mutum-mutumi da tef ɗin awo. Ya tsaya a kanmu hannu a baya, ya ce shi har yanzu bai yarda da gidaje masu kusurwa shida ba, filin daga ba a zana masa layi. Na ce, "Malam, ai ko DBA ɗinku ɗan ludo ɗaya kuke jefawa ya faɗa muku motsi nawa za ku yi." Ya yi dariya ya ce haka ne, tun 1990 da wannan wasan yaƙi na 'yan mutum-mutumi ya fito ake wannan kukan, runduna goma sha biyu gare ka amma ka jefa ɗaya ta fito. Daga nan ya ɗauko tarihi, kamar yadda ya saba. Cewa a Prusiya ta ƙasar Jamus, a 1824, ƙaramin Reisswitz ya gyara wasan yaƙin da mahaifinsa ya ƙirƙira, ya mai da shi kan taswira ta gaske, ɓangare ɗaya ja ɗaya shuɗi, da alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai ke ganin komai. Hafsa ya rubuta umarni ya miƙa, alƙali ya lissafa lokacin da saƙon zai isa. Ni a ganina katin nan jikan wannan alƙalin ne, aikinsu ɗaya, su tsaya tsakanin abin da jagora yake so da abin da sojoji suka ji. Malam ya ce alƙali yana da hankali, kati ba shi da shi. Ban yi masa gardama ba, don yana da gaskiya a wannan.

Katin mahaya ya zo a ƙarshe. Hasdrubal ya tashi, ya afka wa dawakan Roma na bakin kogi, ya share su, ya bi sawu ya sake kai hari a zagaye guda. Dakarun Libiya masu jefa 'ya'yan ludo biyar suka juyo ciki. Rundunonin ƙanena sun cunkushe a tsakiya, na baya sun toshe wa na gaba hanya, don haka kowace tuta da ta fito katako take ci. Ya yi ta ƙirga gidajen da suka rage masa yana tsaki. Duk da haka bai faɗi a banza ba, ya ƙarasa ragowar tsakiyata ya kuma kama wata rundunar Numidiya da ta matso kusa. Aka tashi bakwai da biyar.

Ya ce a sake, a juya, shi ne Hannibal. Lokaci bai bari ba. Muka tsaya kan cewa mako mai zuwa Zama za mu buga, yaƙin shekara ta 202 kafin haihuwar Annabi Isa a ƙasar da take Tunisiya a yau, inda Scipio, jagoran Rumawa, ya buɗe hanyoyi a layinsa giwaye 80 na Hannibal suka wuce, kuma baraden Numidiya ƙarƙashin Masinissa suka koma ɓangaren Roma. Ƙanena ya ce shi zai riƙe giwayen. Malam ya ce zai zo da nasa na dalma a jera a kan tebur babba, a buga sau biyu, sau ɗaya a allo sau ɗaya da tef, a ga wanda ya fi. Na tambaye shi giwa nawa ya gama yi wa fenti, ya ce biyu, sauran ko shafen farko ba su samu ba.