Masu Rabon Daƙiƙa a Mararrabar Hanya

A makon da ya wuce na halarci walimar sallama da aka shirya wa wani dattijon injiniya, wanda ya yi ritaya bayan ya cika shekara 35 yana aiki, kuma a hannunsa na koyi sana'ar tsara zirga-zirgar motoci a nan Abuja. Ba mu fi mutum talatin ba a ɗakin taron. An yi jawabai biyu, aka miƙa masa agogon bango da sallaya, aka shafa fatiha, aka watse kafin la'asar. Da na fito na kama hanyar gida, kafin in hau babban titin Kubwa sai da na ratsa mararraba huɗu waɗanda na san cewa lissafin da ke kunna danjojinsu daga littafinsa ya fito, kuma a cikin dubban direbobin da suka bi ta nan a wannan yammaci babu wanda ya san yana duniya. Tun daga ranar nake juya maganar a raina, domin na yi imani cewa yadda muke karrama mutanen wannan sana'a yana da alaƙa kai tsaye da yadda hanyoyinmu suke.

Sana'ar da nake magana a kanta ita ce ta haɗa titi da kwamfuta, wato amfani da na'urorin lura, kyamarori, hanyoyin sadarwa da lissafi domin mutane da kaya su isa inda za su cikin aminci ba tare da ɓata lokaci ba. Danja mai canza tsawon lokacinta bisa yawan motoci tana cikinta, haka katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa irin Cowry na Legas, da na'urar taƙaita gudu da ake saka wa motocin haya, da taswirar da ke cikin wayarka mai nuna maka inda cunkoso yake da jan layi. Aiki ne da ba a ganinsa idan ya yi kyau. Mutum ya bar Wuse ya isa Garki ba tare da tsaiko ba, sai ya ce yau hanya ta yi daɗi, ba zai taɓa tunanin akwai wanda ya kwana yana lissafi a kan wannan daɗin ba.

Ranar da na fara aiki a ƙarƙashin wannan dattijo, ban taɓa kwamfuta ba. Ya ce in same shi a wata mararraba bayan sallar asuba, a tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari har fitilun motoci suna yin ja-ja. Ya miƙo mini allo mai matse takarda, da fensir biyu, da ƙaramar na'urar ƙirga da ake dannawa da babban yatsa, ya ce in ƙirga duk motar da ta karya hagu, in rubuta jimilla kowane minti 15, in ware manyan motoci daban. Bayan awa biyu yatsuna sun ƙage, hancina ya bushe, na ce masa, "Yallaɓai, ashe babu kyamarar da za ta yi mana wannan aikin?" Ya dube ni ya ce, "Akwai, ɗana. Amma ranar da kyamarar ta yi maka ƙarya, da me za ka gane idan ba ka taɓa ƙirgawa da idonka ba?" A wannan safiya ce na lura da abin da babu na'urar da za ta faɗa mini, cewa motocin haya suna tsayawa ɗaukar fasinja daidai bakin mararrabar, suna cinye layi guda cur, don haka titin da ke da layi uku a takarda layi biyu ne a zahiri.

Lissafin kansa ba ɓoyayye ba ne, kuma yana da kyau mai karatu ya ga yadda ƙaramin kuskure yake girma. Layi ɗaya na titi mai kyau yana iya sallamar kimanin mota 1,800 a cikin awa guda ta koren haske, wato mota ɗaya a kowace daƙiƙa biyu. Idan mota 600 ke shigowa ta wannan layi a awa, to yana buƙatar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lokacin, wato daƙiƙa 30 a zagayen da ke ɗaukar daƙiƙa 90. In aka ba shi 25 maimakon 30, mota 500 ce kawai za ta wuce, 100 su rage a baya, kuma kafin awa ta cika jerin gwanon ya haura rabin kilomita. Daƙiƙa biyar ke nan kacal. Ga kuma lokacin da ke salwanta duk sa'ad da haske ya canza, tsakanin ruwan ɗorawa da ɗan gajeren lokacin da ake barin kowane ɓangare a kan ja domin mararrabar ta wofinta. Idan zagayen ya yi gajere, wannan asara za ta cinye shi, idan kuma ya yi tsawo, direba zai ƙosa ya keta ja. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna F. V. Webster ya fitar da ƙa'idar daidaita wannan a 1958, kuma har yau da ita ake fara koyar da ɗalibai.

Tarihin sana'ar cike yake da mutanen da suka yi hidima aka daɗe ba a waiwaye su ba. Danja ta farko an kafa ta ne a Landan kusa da majalisar dokoki a Disamban 1868, injiniyan jirgin ƙasa J. P. Knight ne ya ƙirƙiro ta, da iskar gas take aiki, kuma ba ta daɗe ba ta fashe ta raunata ɗan sandan da ke kula da ita. A 1920 wani ɗan sanda a birnin Detroit na Amurka, William Potts, ya haɗa fitila mai launi uku mai fuskantar hanya huɗu, wadda ita ce kakar wadda muke tsayawa a gabanta kullum. Ma'aikacin gwamnati ne, bai yi arziki da ita ba, amma a yau fitilarsa tana ajiye a gidan tarihi na Henry Ford. Daga shekarun 1970 aka shiga zamanin danjar da ke ji da gani, inda birnin Sidni na Ostireliya ya samar da tsarin SCATS, Birtaniya ta samar da SCOOT, dukkansu suna karɓar bayanai daga wayoyin da aka binne a cikin kwalta suna sauya rabon lokaci da kansu. Singafo ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari ta na'ura a 1998.

Abin da ya fi jan hankalina a waɗannan ƙasashe shi ne yadda 'yan sana'ar suka gina wa kansu al'adar tunawa da juna. Cibiyar injiniyoyin sufuri ta ITE tana nan tun 1930. An fara babban taron duniya na wannan fanni a Faris a 1994, kuma ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, IEEE, tana da reshe na musamman a kansa wanda ke ba da lambobin yabo duk shekara. Sun raba yabon kashi-kashi, akwai na bincike, akwai na aikin da aka aiwatar a titi ya amfani jama'a, akwai na cibiyar da ta yi jagoranci, akwai kuma na wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana hidima. Sun fahimci cewa wanda ya shafe shekara ashirin yana zaman kwamitin daidaita ƙa'idoji, domin na'urar wannan kamfani ta iya magana da ta wancan, ya yi aikin da ya kai na mai ƙirƙira, ko da yake babu wanda zai ɗauki hotonsa.

A wurinmu ido ya fi karkata ga abin da ake yanke wa kyalle. Ba na raina gada, kuma Abuja tana buƙatar gadoji da sababbin tituna. An tsara birnin a taswirar 1979, gwamnati ta tare a cikinsa a ranar 12 ga Disamba 1991, kuma tun daga lokacin garuruwan kewaye irin su Kubwa, Lugbe, Nyanya da Mararraba suka cika suka batse da ma'aikatan da ke kwararowa cikin gari da safe su koma da yamma. Duk wanda ya taɓa bi ta tudun Kugbo da ƙarfe shida na yamma ya san abin da nake nufi. Sai dai ranar ƙaddamar da gada akwai rumfa da makaɗa da allon dutse mai ɗauke da sunaye, alhali injiniyan da ya daidaita danja biyar a jere domin mota ta same su kore ɗaya bayan ɗaya, ya rage wa dubban mutane minti goma kullum da kuɗin da bai kai na fentin gadar ba, ba shi da allo ko ɗaya. Wannan shi ne kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, kuma matasanmu suna kallo. Yaro mai basira da ya fito daga jami'a yakan gane da wuri inda ake samun suna, sai ya nemi sashen kwangila ya guji sashen kulawa da gyara.

Kulawa da gyara kuwa su ne ƙashin bayan aikin. Na tuna wata safiya bayan ruwan farko na damina da muka buɗe akwatin sarrafa wata danja da ta mutu. Ƙura ta hunturu ta haɗu da lema ta zama taɓo a kan allon lantarki, ƙadangare ya mutu a kan wayoyi, kuma inda batura biyu na sola suke sai guntayen kebul da aka datse da almakashi. A waje kuma wasu masu shimfiɗa bututu sun yanka kwalta sun tsinka wayar da ke jin zuwan mota, suka cike ramin da ƙasa suka tafi. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya cire babbar rigarsa ya rataye a ƙofar mota, ya tsuguna tare da mai gyaran, wani bawan Allah da ba shi da digiri amma ya san kowane akwati a gundumar kamar ɗakin kwanansa, suka yi ta aiki da buroshi da na'urar gwajin wuta har azahar, yayin da wani jami'in ba da hannu yake tsaye a tsakiyar titi cikin rana yana riƙe da mararrabar. Da muka koma ofis, a rahoton da ya rubuta sunan mai gyaran ya sa a gaba.

A nan na ga abin da ake kira shugabanci a wannan sana'a. Na gan shi ya ƙi sa hannu a takardar karɓar wasu na'urori saboda babu kayan gyaransu a ƙasar nan kuma kamfanin bai horar da kowa ba, ya sha matsin lamba na watanni bai janye ba. Na gan shi yana zaunar da masu bautar ƙasa, maza da mata, yana bi da su layi-layi a kan lissafi bayan an tashi daga aiki. Kuma idan aka yi hatsari a mararrabar da ya tsara, shi ne na farko da zai je ya auna alamar birki a kwalta ya tambayi kansa ko lokacin ruwan ɗorawar ya yi kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a hatsarin hanya, kuma Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wanda ya ɗauki daƙiƙa uku na ruwan ɗorawa a matsayin amana, rayuka yake tsarewa.

Ba mu rasa cibiyoyin da za su ɗauki nauyin wannan karramawa ba. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya tana nan tun 1958, hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi tun 1970, Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya tun 1986, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988. Abin da nake roƙo shi ne a ware yabo na musamman ga masu wannan aiki, kuma a ɗora shi a kan abin da za a iya aunawa. A tambaya kwana nawa danjojin da mutum ke kula da su suka yi suna aiki a cikin shekara, da minti nawa tafiya ta ragu, da yadda adadin hatsari ya sauya kafin gyara da bayansa, da matasa nawa ya horar waɗanda yanzu suke tsaye da ƙafafunsu. A bar abokan aiki su gabatar da sunan mutum, kada ya zama shi ne zai nema, kuma kada a karɓi ko sisi daga wanda za a karrama, domin duk mun san irin lambobin yabon da ake rabawa a otal-otal ga wanda ya sayi tebur, kuma su ne suka sa mutanen kirki suke jin kunyar karɓar allon girmamawa. A kuma buɗe ƙofar ga masu gyara da jami'an ba da hannu da ma'aikatan ɗakin lura da kyamarori. Yabon gwani ya zama dole, amma amfaninsa mafi girma yana wajen na baya, wanda zai ga irin aikin da manyansa suke ɗaukaka ya bi sahu.

Kwana biyu bayan walimar na je gaishe shi a gida, na tarar da shi a zaure da kwali uku cike da littattafan ƙirgar motoci, kowanne da sunan mararraba da kwanan wata a bangonsa, wasu takardun har sun yi ja saboda tsufa. Ya ce iyalinsa suna son a kwashe su domin suna tara ƙura. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni su." A cikinsu akwai tarihin yadda zirga-zirgar birnin nan ta girma shekara bayan shekara, irin bayanan da duk wani tsarin kwamfuta da za a kawo nan gaba zai buƙace su. Na kai su ofis na damƙa wa wata matashiyar injiniya da shi da kansa ya horar, ta fara shigar da alƙaluman cikin kwamfuta tun daga littafi na farko. Ni kuma na zauna na rubuta takardar gabatar da sunansa ga reshen ƙungiyarmu, na haɗa da kwafin shafi uku daga littafin wannan safiya ta hunturu, inda rubutuna na ɗan koyo yake a hagu, gyaransa da jan biro yake a dama.