Lakar da ke saukowa daga duwatsu

Na shiga karatun ilimin teku a Jami'ar Bahar Maliya da ke Bur Sudan da zaton aikina duk a cikin ruwa zai ƙare. Ashe rabinsa a tudu yake.

Aikin farko da aka ba ni shi ne in zura wani farin faifai da igiya cikin teku, in rubuta zurfin da ya ɓace wa idona. A Sanganeb, wani tsibirin murjani can cikin teku da UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, igiya kan yi nisa ana hango shi. A bakin kor kuwa, wato busasshen rafin da ke kwaso ruwan sama zuwa teku, in an yi ruwa, da ka sake shi ya ɓace.

Murjani, wanda masunta ke kira sha'ab, rai gare shi. Ƙananan halittu ne, a jikinsu akwai wani gansakuka mai haɗa musu abinci da hasken rana. Laka ta tare hasken, ta kwanta musu a ka, 'ya'yansu kuma su rasa wurin maƙalewa. Babu kogin da ke zuba a Bahar Maliya rani da damina, don haka murjanin nan bai saba da ruwa mai dauɗa ba. In ya mutu kifi ya watse, igiyar ruwa ta samu hanyar cin gaɓa.

Wani dattijo Bahaushe da ke tuƙa mana jirgi ya daɗe yana kallon ni da faifaina. Ran nan ya ce, "Ɗana, ka auna ruwa ya isa. Je ka duba itacen da ya rage a kan duwatsu."

Na je. An sassare itatuwa don gawayi, awaki sun cinye sauran, ƙasa ta zama tsirara. A gaɓa kuma raƙuma na cin shora, bishiyar da saiwoyinta ke tace laka. Nan na yi wautar ɗalibai: na tsaya ina yi wa wani mai gawayi lacca. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni da me ake girki a gidanmu. Da gawayi ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 gari ya cika da baƙi, kowace tukunya kuma wuta take nema.

Daga ranar na rage baki. Abin da na ga yana aiki ba shi da kwarjini: jera duwatsu a ƙananan kwazazzabai don ruwa ya rage gudu ya ajiye ƙasarsa, da sasantawa da makiyaya a bar wani yanki na shora ya huta.

A Agustan 2024 madatsar Arba'at, mai shayar da Bur Sudan, ta ɓalle. Aka rasa rayuka da gidaje. Da muka koma bakin teku, dattijon ya karɓi igiyar daga hannuna ya naɗe. Ya ce, "Yau ba sai ka zura ba."