Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Langar Gidan Baffa

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Kaka. Yau sai ku yi mini haƙuri in tsallake gaba, domin Disamba ta kama, hunturu ya fara fasa leɓe, kuma maganar langar gidan Baffa ta hana ni sakat.

Kun dai san gidanmu ya kasu biyu tun ba a haife ni ba. Kakanmu Bamaguje ne daga ƙasar Malumfashi. Baffa ya musulunta, Baba kuwa ya bi Almasihu a hannun 'yan mishan na asibitin kutare na Babbar Ruga, kusa da Katsina, inda ya koyi wankin miki. Duka biyun a Katsina suka zauna, mu wajen Ƙofar Ƙaura, su a cikin gari.

Abin da na fi so a Kirsimetinmu shi ne rabon abinci. Tun jajibere Inna ta gama mana kitso da ƙunshi, ankon Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, yana ninke a ƙarƙashin filo, cincin ya cika bokiti. Da asuba Baba zai aiki Yaya ya kira malamin da ke maƙwabtaka da mu ya yanka akuya. Baba bai taɓa yanka dabbar Kirsimeti da hannunsa ba, don kada wani maƙwabci ya ji ƙyanƙyamin naman. Akwai dattawan ikilisiya da suka yi masa surutu a kan haka. Amsarsa ɗaya ce: zumunci a ƙafa yake.

Muna tasowa daga sujada a coci, an karanta labarin haihuwar Almasihu a Luka sura 2, yara sun yi wasan makiyaya da sanduna, sai Inna ta jera langa-langa a kan tabarma. Shinkafa da miya, abin da sai shekara-shekara muke gani, don sauran kwanaki tuwon dawa ne. Ta gidan Baffa ita ce babba, mai zanen jan fure a murfi, kuma ita ake sa wa hanta da ƙirji. Ni ke ɗaukarta, da gammo a ka. In na yi sallama na durƙusa, Baffa ya ce, "'Yar Baba, an yi biki lafiya?" ya ba ni tukwici. Da Babbar Sallah kuwa cinyar rago ce ke zuwa mana daga can.

Sai 1987. A watan Maris rikicin Kafanchan ya bazu har Zariya da Funtuwa da nan Katsina, aka ƙona majami'u. A watan Satumba aka ba mu jiha, gari na ta murna, mu kuwa tsoro bai sake mu ba. Da Kirsimeti ta zo Inna ta ce, "Maigida, bana a bar rabon nan." Baba ya ce zumunci a ƙafa yake, a zuba.

Na kai. Uwargidan Baffa ce ta tare ni a zaure, ko murfin ba ta buɗe ba, ta ce in mayar, sun ƙoshi. Ina jiyo tarin Baffa daga turaka, bai fito ba. Haka na ratso gari da langar nan a ka, ina kuka, miya na zubo mini a wuyan sabuwar riga. Wanda ya yi wa yaro irin wannan ya sani yaro ba ya mantawa. Yanzu ina da jikoki, amma ban manta ba.

'Ya'yan uwargidan nan ne yau suke turo mini Barka da Kirsimeti ta WhatsApp, har da hoton fure. Na gode. Amma wanene a cikinsu ya tako gidana ranar da muka binne Inna? Tsoho ya faɗa, a ƙafa yake.

Baba bai ce uffan ba ran nan. Ya karɓi langar daga kaina, ya sa hularsa, ya ɗaure ta a bayan keke, ya tafi da kansa. Bai dawo ba sai bayan magariba, langar wankakkiya, da goro a ciki. Abin da suka tattauna da yayansa bai taɓa gaya wa kowa ba. Inna kuwa ta ci gaba da zuba wa gidan Baffa duk shekara saboda mijinta, amma daga wannan shekarar hanta ba ta ƙara shiga langar ba har ta koma ga Ubangiji.