Inbata mai hawa uku: inda na kai wajen rage wa STM32 lissafi

Ƴan uwa masu koyo, ga inda aiki ya tsaya. Inbatan da nake haɗawa (na'urar da ke mayar da wutar DC zuwa AC) mai hawa uku, wato matakan bolt uku, irin NPC (mai ɗaure tsakiyar wutar DC) da Nabae da Takahashi da Akagi suka fito da shi a 1981, yana tashi yanzu da ƙaramin lodi. Haɗa wayoyi bai ba da wuya ba. Lissafi ne ya ci lokaci.

Ga wanda bai kama zaren ba tukuna: a sarrafawa ta hasashe, kafin kowane taku sai ƙwaƙwalwar, wato ƙaramar kwamfutar STM32 da ke sarrafa inbatan, ta gwada duk yadda za a iya buɗe ko rufe makunnai, ta hango kuran ɗin da kowanne zai bayar, ta zaɓi mafi kusa da wanda ake so. Inbata mai hawa biyu yanayi 8 kawai gare shi. Namu ƙafa uku, kowace da matsayi uku, 27 ke nan. Mai hawa biyar kuwa 125. In ka ce za ka hango taku biyu gaba, 27 ta koma 729, kuma a nan wasa ya ƙare.

STM32F4 ɗina na gudu a megahaz 168. Kowane takuna maikurosakan 50 ne, wato bugun agogon ƙwaƙwalwar 8,400 duka-duka. Raba wa 27, kowane yanayi ya tashi da 311, ba a ma cire na karanta sansa ba.

Sai na juya lissafin. Maimakon hasashe sau 27, ina fitar da bolt ɗin da ake buƙata sau ɗaya tak, daga kuran na yanzu da ƙimar kwayil (naɗin wayar da kuran ke bi). Sannan in duba taswira mai kusurwa shida da ke nuna kowane bolt da inbatan zai iya bayarwa a matsayin kibiya, in ga cikin wane alwatika ya faɗa. Kusurwowinsa uku kaɗai nake aunawa, yanayi 4 zuwa 7 ke nan. Wanda ya zo kasuwar Maradi neman ƙuli-ƙuli ba ya bin rumfa-rumfa tun daga bakin ƙofa, layinsu yake nufa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙananan kibiyoyin: kowace tana samuwa ta hanya biyu, ɗaya na cika kondansan sama (cikin ma'ajiyan caji biyu da suka raba wutar DC), ɗaya na rage shi. Saboda haka ba na cusa daidaita tsakiyar kondansan biyu cikin ma'aunin zaɓi, balle in yi ta laluben nauyin da zan ba shi. Ina duba wane kondansa ya fi cika da inda kuran ya nufa, in zaɓa. Kun ji ana yabon hanyar Geyer da Quevedo ta 2014 mai datse rassan bincike. Tana da kyau ga hange mai nisa, amma a ganina ta fi ƙarfin wannan allo.

Kada ku yarda da ƙiyasi, ku auna. Ku ɗaga bolt ɗin fil ɗaya na STM32 a farkon lissafi, ku sauke shi a ƙarshe, ku kalli faɗin bugun a osiloskof, na'urar da ke zana sigina a fuska. Faɗin nawa a da yana gogar bakin tazarar maikurosakan 50 ɗin, yanzu akwai sarari har na saka gyaran jinkiri na taku ɗaya.

Saura matsalar kwayil: hanyar nan ta dogara kacokan da ƙimarsa, kuma ƙimar tana sauka idan kuran ya yi yawa. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan auna shi da lodi mai nauyi kafin in taɓa lambar da ke cikin shirin.