Hanyar Zariya daga Na'ibawa zuwa Ciromawa: inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyon zaga garuruwan manoma, ga inda aikin ya tsaya a hanyar Zariya. An kammala zangon farko, daga Na'ibawa zuwa Kura. An ɗan taɓa na biyu, daga Kura har Ciromawa, amma da rani kaɗai, saboda haka abin da muka rubuta a littafin aiki game da Kadawa da Kwanar Gafan rabin magana ne, sai an koma da damina. Babban abin da ya fito fili kawo yanzu shi ne bakin titi wurin ciniki ne kawai. Wanda ya tsaya ya sayi masara, ya ɗauki hoton kwandunan tumatir ya wuce, kasuwa ya gani. Ruwa ne ya tsara rayuwar garuruwan nan, kuma shi ya kamata mai koyo ya bi.

Ruwan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan kogin Kano. Daga can babban kanal ke ɗauko shi ya raba wa ƙanana, ba da inji ba, gangara ce kawai ke tura shi, har ya isa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da tsarin, an kuma tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000. Wannan ya kamata kowa ya riƙe kafin ya fito daga gida, domin shi ke bayyana dalilin da za ka ga gona kore shar a watan Fabrairu, ka ɗaga ido kaɗan ka ga wata ƙeƙas, sai kututturen dawa. Ta farko tana ƙasa da kanal, ta biyu tana kan tudu inda gangara ba ta kai ruwa. Mai gonar tudu ko dai ya haƙa rijiyar burtsatse ya sa injin ban ruwa ya ci kuɗin mai, ko ya jira sama.

Hanyar aikin da ta fi ba da sakamako ita ce a ɗauki gari ɗaya a fita ɗaya. A bar Kano bayan sallar asuba, a shiga motar Kura ko ta Kwanar Ɗangora, a sauka, a ɗauki mai babur ɗan garin. Kura ba ta wuce kilomita 30 da 'yan kai daga birni ba, ba sai an yi gaggawa ba. Mai babur ɗan gari ya fi motar kai amfani nesa ba kusa ba: ya san gadar da ta karye, ya san sunan kowace unguwa, kuma hanyar gefen kanal siririya ce, idan mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta yi baya mai nisa. A yi ciniki da shi na awa, ba na zango ba. Idan na zango ne zai riƙa gudu don ya sauke ka ya nemi wani fasinja, kai kuwa tsayawa ka zo yi.

Kafin a shiga gona ko a fito da waya don hoto, a fara da zauren mai unguwa ko dagaci. Sallama, gaisuwa har ta ƙare, sannan bayani a taƙaice: daga birni muke, ranka ya daɗe, muna koyon yadda ake noma da kasuwancinsa, ba hukuma ce ta turo mu ba, ba kuma rabon taki muka zo yi ba. Jumlar ƙarshen nan tana da muhimmanci. Yankin ya saba ganin masu littafi da biro suna ɗaukar sunaye don tallafi, kuma da zarar an ɗauke ka a cikinsu, kowace gona za ta ƙara girma, kowace asara ta ninka. A nemi a haɗa ka da sarkin noma ko shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa na sashen. Su ne suka san ranar da ake sako ruwa da wanda ke fara sha.

A littafi, shafi ɗaya na kowane gari, kuma tambayoyin iri ɗaya ko'ina, in ba haka ba kwatantawa ba za ta yiwu ba: daga ina ruwa ke zuwa, me ke gona yanzu, me aka cire kafin shi, me zai biyo baya, ina ake kai amfanin, wace rana kasuwa ke ci. Tambayar abin da aka cire da abin da zai biyo ita ce ke buɗe baki, don manomi zai ba ka lissafin shekararsa gaba ɗaya ba tare da ka roƙa ba. A sauke taswirar yankin ta Google Maps a waya tun daga gida, a riƙa sa alama a kan gadoji da ƙofofin raba ruwa, domin sabis yakan yi rauni idan an nutsa cikin gonaki.

Inda masu koyo suka fi zamewa shi ne wajen farashi. Rubuta "buhun shinkafa kaza" ba ya da wani amfani. Shanshera ce, wato wadda ba a casa ba, ko gyararriya? Idan gyararriya ce, an tsince tsakuwa ko ba a tsince ba? Jamila ce ko wani irin? Buhun kwano nawa yake ci? A al'ada babban buhun hatsi ana lissafa shi kwano 40, amma kwanon ma wani an bubbuga gindinsa, wani ana yi masa tozo, wani ana share bakinsa. A tafi da ƙaramin sikeli na rataya, a sayi kwano ɗaya a auna, a rubuta nauyin kusa da farashin. Sannan a tuna kilo 100 na shanshera idan aka turara aka casa, abin da ke fita bai cika wuce kilo 60 zuwa 65 ba, sauran ɓuntu ne da dusa. Wanda bai san wannan ba zai ga tazarar da ke tsakanin farashin biyu ya ɗauka masu inji ke kwashe riba duka. A rubuta kuma wa ya faɗi farashin, manomi ko dillali ko mai saye, da ƙarfe nawa. Baƙo mai takalmi fes yana da nasa farashin dabam.

Kura ta cancanci a daɗe a cikinta. Daga titi shagunan shinkafa kawai ake gani, amma aikin yana lunguna: mata na jiƙa shanshera su turara ta a manyan tukwane da ganguna, a shanya a tabarma ko leda, sannan a kai inji. Turarar nan ita ke ƙarfafa ƙwayar don kada ta kakkarye a casa. Idan shanyar ta yi sauri a rana mai zafi, ƙwaya takan tsattsage a ciki, ta fito gutsuttsura. Idan ba ta bushe ba, ta yi wari ta canza launi. Da ka damƙi shinkafa a hannu ka ga yawan karyayyu, ka san yadda aka shanya ta. Wannan ɓangare na mata ne, cikin gidaje, don haka tawagar da ba ta da mace ba za ta gan shi ba, kuma inda aka rubuta "ba a shiga" a tsaya a zaure. Garin yana da wani tarihin da shinkafa ta rufe: rini. Rawanin nan baƙi mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke ji da shi, sunan garin ya ɗauka. A tambayi dattawa inda karofi yake, a sa masa alama a taswira.

Tamburawa, kafin a kai Kura, ba ta ɗaukar lokaci: gada, matatar ruwan da ke shayar da birni, lambuna a gefen kogi, masu ɗiban yashi. Rabin safiya ya isa.

A Kadawa da Kwanar Gafan kuwa kalanda ce ke magana. Ana girbe shinkafar damina wajen Oktoba zuwa Nuwamba, nan take kowa ya dasa tumatir, don haka kusan duka yake nuna tare daga Janairu zuwa Maris. Shi ya sa farashin kwando ke faɗuwa warwas a lokacin, har ka ga an yanka an baza a ƙasa ana yin kauɗa. A lura da kwandon kansa: babba ne, ana jera wani kan wani a manyan motocin da za su yi kudu, na ƙasa ya matse tun kafin a wuce Kaduna. Idan zafin bazara ya shigo, furen tumatir yakan zube bai ɗaure ɗa ba, kaya ya yi ƙaranci, farashi ya tashi. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta fara aiki a 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin yankin. Alamarta fararen hanyoyi a cikin ganye kamar an zana, daga baya ganyen ya ƙone, ɗan kuma ya sami ƙananan huji. A duba bayan ganye, a rubuta ko an gani, amma kada a ba manomi shawarar magani. Ba aikinmu ba ne, kuma ya fi mu sanin abin da ya riga ya fesa bai yi ba.

Alkama ma tana da labarin da ido ke iya karantawa. Sanyi take so, ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Gonar da ka gani kore a ƙarshen Maris an makara da ita, zafi zai riske ta tana cika ido, ƙwayar ta motse. Idan aka tambayi dalilin makarar, sau da yawa amsar tana komawa kan ruwa: ko ba a sako da wuri ba, ko gonar na can wutsiyar kanal, ko ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa. Saboda haka a riƙa bin ƙaramin kanal ɗaya daga ƙofarsa har ƙarshensa da ƙafa, ana kallon yadda tsayin shuka ke raguwa. A ganinmu wannan tafiyar ta fi kowace hira koyarwa.

A gefen tudu, bishiyoyi ne abin dubawa. Kukoki da yawa wuri ɗaya ba gida kusa, galibi kufai ne, a tambayi sunan garin da ya tashi. Gawo a tsakiyar gona da gangan aka bar shi, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, kuma ƙasar gindinsa ta fi ƙarfi. Yawan rumbuna a bayan gida na nuna har yanzu gero da dawa ne abincin gidan, ko da shinkafa ce ke kawo kuɗi.

Abubuwan kiyayewa kaɗan ne amma ba na wasa ba. Kada a shiga ruwan kanal ko a yi alwala da shi komai zafi, akwai tsargiya. A tafi da ruwan sha lita biyu kowane mutum. Tun da aka sake gina titin motoci ke sheƙa gudu, tsallaka shi da ƙafa a kasuwannin bakin hanya ya fi duk abin da ke cikin gona haɗari, gara a sauka a hannun da za a yi aiki. Ranar Juma'a aiki na tsayawa tun hantsi. A kamo hanyar gida da la'asar, kada magariba ta yi a hanya.

Abin da ya rage: komawa Kadawa da Ciromawa a watan Agusta, lokacin da shinkafa ta rufe filin da tumatir yake, a cike ɗaya rabin shafin, a kuma tambayi yadda ake fama da tsuntsun jan baki idan ta fara fitar da kai. Hanyoyin gefen kanal laka ce mai santsi a lokacin, a tanadi takalmin roba da ledar da za a sa littafi. Bayan nan sai a karkata ta Bunkure a bi babban kanal sama har Tiga, kuma wanda zai jagoranci wannan fitar ya fara zuwa ofishin hukumar kogunan ya nemi izinin kusantar madatsar tun kafin a sa rana.